Ɗumama Motar Alhaji

Matso kusa, ja wannan kujerar, ka ajiye wayar nan tukuna. Akwai maganar da na daɗe ina juyawa a raina, ta motar maigidana ce, kuma ban taɓa ba wani ita tun daga farko har ƙarshe ba.

A unguwar Biafra muke zaune, cikin Treichville, gidan tsakar gida ɗaya ƙofofi tara. Ni ba mai fita ba ce. Na fi shekara talatin a garin nan, amma in ka ga na haye gadar da ke kai mu Plateau to biki ne ko rasuwa. Karatuna bai wuce allo da aji biyu na boko a Maraɗi ba. Kunne dai Allah ya ba ni. Ina cikin madafa nake gane wanda ya shigo gidan daga takunsa, kuma ba na buɗe tukunya don in san ruwan shinkafa ya tsotse, ji nake.

Alhaji yana da mangaza, wato shago, a kasuwar Adjamé, takalma yake sarowa yana sayarwa. Ya kai shekara arba'in yana tuƙi. Tsohuwar motarsa mai gas ce, in ya tashe ta da safe duk layinmu sai ya sani. Yana da al'ada tun muna amare: in ya dawo daga sallar asuba ya gama lazimi, sai ya fita ya tada mota, ya kunna rediyonta, ya bar ta tana ruri, ya shigo ya sha shayi a tsanake. Yakan ce mota kamar tsoho take, ba a fizgarta daga barci a ce ta kama gudu, sai an ɗumama ta.

Da tsohuwar ta fara hayaƙi kamar ana ƙona bola, babban ɗanmu ya kawo masa wata. Shi a nan aka haife shi, yana zaune a unguwar 220 Logements da iyalinsa, Faransanci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa. Ya ce, “Baba, wannan ibrid ce. Rabi wuta, rabi isansi,” wato fetur. Ba sabuwa ba ce, ta hannu ce da aka kawo a jirgi, amma tsaf take. Ba a murɗa mata lakile, wato makulli, a aljihu ake barinsa. Sai ka taka birki, ka danna wani maɓalli, wani koren rubutu ya fito a gabanka, shi ke nan ta tashi. Ba ƙara, ba girgiza. Ranar farko Alhaji ya zauna a ciki yana jira, ɗan yana dariya yana cewa, “Baba, ai ta tashi tun ɗazu.” Alhaji ya ce, “Wannan ba mota ba ce, munafuka ce.” Amma ya so ta. Da kansa yake goge ta.

Watanni ta yi lafiya lau. Cikin damina abin ya fara.

Wata safiya na ji ya fita, na ji ya dawo. Ya ce mota ta ƙi. Fitilun gabanta suna kamawa suna ɗaukewa, koren rubutun ya ƙi fitowa. Ya rufe ta ya kira ɗan. Kafin ɗan ya ratso cunkoson Plateau ya hayo gada, an fi awa ɗaya. Yana zuwa ya shiga, ya taka, ya danna. Nan take ta tashi. Ya leƙo ta taga ya ce, “To, Baba, ga ta nan.” Alhaji ya gyara hula ya shiga.

Kwana uku lafiya, rana ta huɗu ta sake. Wani mako sau biyu, wani makon ko sau ɗaya. Abin da ya fi ci wa Alhaji rai shi ne duk wanda ya zo daga baya ya taɓa ta, sai ta tashi. Aka canza ɗan batirin cikin lakile. Aka goge wayoyi. Aka kai ta gareji a bayan Indénié, can Adjamé, wajen wani Bajule, ɗan ƙabilar Jula, mai aikin wutar mota, ya riƙe ta kwana uku, ya jona mata na'urarsa, kullum da safe yana tada ta tana tashi. Ya dawo da ita ya ce bai ga komai ba. Maƙwabciyata, wata dattijuwa mai sayar da aceke, abincin rogo, ta ce mini, “Yako, sannu, 'yar'uwa. Wannan bakin mutane ne. Mota shiru haka a Biafra, ai dole a yi magana.” Har turare na sa mata a ciki, ba zan ɓoye maka ba. Ta yi ƙamshi, ta ci gaba da ƙinta.

Sai wata Lahadi ɗan ya zo, ya same ni ina tsince shinkafa, Alhaji ya tafi ta'aziyya. Ya zauna a bakin tabarma yana juya lakilen motarsa a yatsa.

Ya ce, “Inna, motar nan ba ta da komai.”

Na ce, “To me ke hana ta tashi?”

Ya ce, “Le vieux, tsohon nan, ya gaji, Inna. Mantawa yake bai taka birki ba. Shekaran jiya ya bar tabaronsa a mangaza. Labarin zuwansa Makka sau biyu ya ba ni cikin mako guda.”

Na ce, “Labarin Makka kam tun kana goye yake maimaita shi.”

Bai yi dariya ba. Ya ce ya yi magana da ƙannensa. In abin ya sake faruwa zuwa ƙarshen wata, za su karɓi lakilen. Ko a samo masa direba, ko ma ya huta a gida su riƙe mangazar. Ya ce tsoro yake ji, kada wata rana Baba ya manta birki a tsakiyar gada. Ban ga laifinsa ba. Da ƙauna ya faɗa, idonsa ma ya yi ja.

Amma ni na san abin da lakilen nan yake ga Alhaji. Akwai wani dattijo a ƙofa ta uku a gidanmu, tsohon direban babbar mota. Ranar da 'ya'yansa suka hana shi tuƙi, ya fito da kujera ya ajiye a bakin ƙofa. Da idona na ga yadda ya riƙa raguwa a kan kujerar nan, har magana ta zama sai an tambaye shi. Alhaji in ba mangaza, ba abokan hirarsa na Adjamé, ba gardamar farashi da Jula, ban san me zai rage masa ba.

Abin da ya fi tsorata ni ya zo bayan kwana biyu. Motar ta sake ƙi. Alhaji bai kira kowa ba. Ya shigo ɗaki ya zauna a bakin gado da babbar rigarsa, yana kallon hannuwansa. Ya ce, “Hajiya, ko dai ni ne?”

Tun da nake da mutumin nan ban taɓa jin ya tambayi irin wannan ba. Na ce, “Kai ne me?” Ya ce, “Na rantse na taka birkin. Amma yanzu har rantsuwar tawa ban amince da ita ba.”

Daga ranar na sa wa motar kunne. Tagar madafata tana kallon inda yake ajiye ta. Mutane suna cewa ba ta da ƙara, amma tana da ita, ƙanana ne. In aka buɗe ƙofar direba, akwai wani ɗan kuka da take yi daga gaba, ziiii, gajere, kamar sauro ya wuce. In aka danna maɓallin, sai ka ji ƙas, ƙas daga baya, sannan ɗan ƙiit. Duk ranar da na ji waɗannan a jere, na san tafiya za a yi. Ranar da za ta ƙi kuwa, kukan sauron nan sai ya ja, ya yi nauyi, zuuuu, kamar mai jan ƙafa. Ƙas, ƙas ɗin ba ya zuwa ko kaɗan.

Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali, domin mantuwar mutum ba ta canza kukan ƙarfe. Amma ban san me ke sa kukan ya yi nauyi wata rana, wata rana ya yi sauƙi ba.

Rediyo ce ta nuna mini. Ranar Litinin Alhaji ya fita da sassafe yadda ya saba, na ji labaran Hausa suna tashi daga motar, ya shigo ya sha shayi da burodi, har ya tsaya yi wa jika wasa. Da ya koma, ta ƙi. Talata kayansa suka iso tashar jirgin ruwa, aka kira shi da gaggawa, ko shayi bai sha ba. Ya shiga, ziiii, ƙas, ƙas, ya tafi. Ban ji rediyo ba ranar. Na tsaya da ludayi a hannu ina tuna baya. Ranar ta'aziyyar da ya fita da sauri, ta tashi. Ranar da aka yi ruwan sama ya zauna ya saurari labarai har ƙarshe, ta ƙi. Ba kullum da aka ji rediyo take ƙi ba, amma ban tuna rana ɗaya da ta ƙi ba tare da na ji rediyon ba.

Ban gaya wa kowa ba. Laraba da hantsi na yafa mayafi, na ce wa maƙwabciyata ta duba mini tukunya. Ta ce, “Ke? Ina za ki? Wa ya rasu?” Na hau woro-woro, motar haya da ake cika mutum huɗu. Muka haye gada, ruwan lagun yana ƙyalli, ni kuwa ina riƙe da ƙofa da hannu biyu. A Indénié na sauka cikin hayaniyar masu talla da masu kiran fasinjan gbaka, ƙananan bas-bas ɗin haya, na yi ta tambaya da Julancin kasuwata har na samu garejin.

Mai garejin dattijo ne, gemunsa ya fara fari, yana cin goro. Na ce ni matar Alhaji mai takalma ce, mai motar da ba ta ƙara.

Ya ce, “A'a, Hajja da kanki? Ina motar?”

Na ce, “Motar tana wajen mai ita. Kukanta na kawo maka.”

Na tsaya a tsakiyar gareji, mace da jikoki, na yi masa ziiii, na yi masa ƙas, ƙas. Ya yi dariya har goro ya kusa sarƙe shi. Da na yi masa zuuuu mai nauyin, na ce ranar nan ƙas, ƙas ba ya zuwa, sai ya daina dariya. Ya jawo mini benci. Ya ce in sake. Na sake. Sannan na ba shi labarin rediyo da shayi.

Ya ce, “Tsaya. In Laji ya fita ɗumama ta, yana taka birki?”

Na ce ban sani ba, amma ba na jin ƙas, ƙas a lokacin, sai rediyo da iskar fanka.

Ya dafe kai. Ya yi mini bayani a hankali, yadda zan gane. Ya ce batiri biyu ne a motar. Akwai babba ƙarƙashin kujerar baya, shi ke tura ta. Akwai ƙarami a cikin but, shi ke tada babban daga barci, wannan ƙas, ƙas ɗin da nake ji. Ƙaramin ba ya samun caji sai koren rubutun nan yana kunne. In mutum ya danna maɓalli bai taka birki ba, fitilu za su kama, rediyo za ta yi magana, fanka za ta hura, kamar mota ta tashi, alhali ba ta tashi ba. Ƙaramin batirin kawai ake tsotsa. Shi kuma ya tsufa, da shi motar ta zo a jirgi. In aka tsotse shi rabin awa, ba shi da ƙarfin tada babban. In aka rufe komai aka bar shi ya huta awa guda, yakan ɗan farfaɗo, shi ya sa ɗanmu yana zuwa take tashi. Ya ce shi ma lokacin da ya auna shi, motar ta riga ta yi tafiya daga Treichville ta cika shi, kuma a garejinsa ba wanda ya ɗumama ta.

Sai abin ya faɗo mini. Ashe Alhaji bai manta komai ba. Abin da ya koya tun yana saurayi ne yake yi, bai tsallake ko ɗaya ba. A tsohuwar mota ba a taka birki don a ɗumama, tunda ba tafiya za a yi ba. Wannan kuwa da ba ta ƙara, ina zai san ba ta tashi ba?

Na ce wa mai gareji, “In ɗana ya kawo motar, me za ka ce masa?”

Ya dube ni. Ya ce, “Ni mai wuta ne, Hajja. Batiri zan auna, abin da na gani zan faɗa.”

Saura Alhaji, kuma nan ne wahalar. Washegari da ya fita ɗumamawa, na ɗauki shayin na bi shi, na buɗe ƙofar gaba na zauna. Ya ce, “Lafiya? Yau kuma unguwa za mu?” Na ce shayi na kawo masa inda rediyo take. Muka ɗan saurari labarai. Sannan na nuna gaban motar na ce, “Alhaji, wai koren rubutun nan da yaro yake faɗa, ina yake yanzu?”

Ya duba. Ya ce, “Ai sai za a tafi yake fitowa.”

Na ce, “To yanzu a tashe take ko a kwance?”

Ya ce, “Hajiya, ke da ba ki san hanyar Plateau ba, yau ke za ki koya mini mota?”

Na ce, “Ni ban san mota ba. Abin da kunnena ya ji na kai wa mai gareji jiya, ga abin da ya ce.” Na faɗa masa duka. Da ya ji na je Adjamé ni kaɗai, ya juyo ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Ransa ya ɓaci, na gani, amma ban san ko da ni ba ne ko da motar. Ya kashe komai, ya ɗauki kofin shayinsa, ya sha har ya ƙare. Can ya ce, “Shekara arba'in ina tausaya wa mota. Yanzu tausayin ne laifi.”

Na ce, “Ba laifi ba ne. Ita ce ba ta san abin arziki ba.”

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ce, “Ke nan ba kaina ba ne.” Na ce, “Kanka ƙalau.” Ya sake faɗa a hankali, shi da kansa yake yi wa, “Ba kaina ba ne.”

Bai yarda haka kawai ba, Alhaji ne. Kwana huɗu a jere bai ɗumama ta ba, kwana huɗu tana tashi. Rana ta biyar da gangan ya kunna rediyo ya bar ta, ya zo ya sha shayi, ya koma. Ta ƙi. Ban taɓa ganin mutum ya yi murna don motarsa ta ƙi tashi ba sai ranar. Ya shigo yana cewa, “Kin gani? Kin ji zuuuu ɗin?” Kamar shi ya gano.

Shi ya kira ɗan ya ce a zo a auna ƙaramin batiri da safe, kafin ta yi tafiya. Mai garejin ya zo har gida da na'urarsa, ya buɗe but, ya auna a gabansu, ya ce batirin ya mutu saura numfashi. Aka sa sabo. Ya gaishe ni kamar bai taɓa ganina ba. Ɗan ya tsaya yana kallon tsohon batirin a ƙasa, sannan ya ce, “Pardon, Baba.” Alhaji ya ce, “Na me?” Ya ce, “Haka nan.” Bayan kwana biyu ya aiko masa da turare mai kyau. Maganar karɓar lakile ba ta sake tashi ba. Har yau Alhaji da kansa yake haye gada, rediyonsa kuma ta dawo ɗaki.

Ranar da aka sa batirin, na raka ɗan bakin ƙofa. Ya tsaya ya ce, “Inna, batirin ne kawai?” Na ce, “Batirin ne.” Ban yi ƙarya ba, amma ban cika masa gaskiyar ba. Na san in ya ji ubansa ya yi watanni yana kunna mota ba daidai ba, ba zai ji abin da ni na ji ba. Zai ce tsufa ne dai, ta wata ƙofar ya shigo.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne, yaron bai yi kuskure a tsoronsa ba, lokaci kawai ya riga. Alhaji ya haura saba'in. Wata rana mantuwar gaske za ta iya zuwa, kuma na san ni zan fara jin ta, kafin likita, kafin 'ya'ya, a yadda yake neman kalma ko yadda yake tsayawa a tsakar gida bai san me ya fito ɗauka ba. A kan gadar nan kuma ba shi kaɗai ke bi ba, akwai 'ya'yan mutane. Wancan karon na rufa masa asiri, kuma gaskiya tana tare da ni. Na gaba ban sani ba.

To kai da ka zauna ka saurare ni har nan, in kai ne a madafar nan ranar da abin zai zo da gaske, wa za ka fara faɗa wa, ɗan ko uban?